Élisabeth Vigée Le Brun

Élisabeth Louise Vigée Le Brun (1755–1842) mai zanen hotunan mutane ce 'yar ƙasar Faransa, wadda ta yi suna wajen zana Sarauniya Marie Antoinette da manyan fadojin Turai. An haife ta a birnin Paris ranar 16 ga Afrilu, 1755. Mahaifinta, Louis Vigée, shi ma mai zane ne, kuma a hannunsa ta fara koyo. Ya rasu tana da shekara 12, kafin ta kai 20 kuwa da zane take samun abin rufin asiri. A 1776 ta auri Jean-Baptiste-Pierre Le Brun, dillalin zane-zane.

A wancan zamanin ba a buɗe wa mace ƙofar wannan sana'a sosai ba. Majalisar masu zane da sassaƙa ta sarki ba ta karɓar mata fiye da huɗu, kuma ba a barin su shiga ajin da ake koyon zana surar jikin ɗan Adam, alhali shi ne tsanin kaiwa ga zanen tarihi, wanda aka fi darajawa. Ita kuma an ƙara mata da wani cikas, wai mijinta ɗan kasuwa ne. Sai da fada ta sa baki aka shigar da ita ranar 31 ga Mayu, 1783, rana ɗaya da wata mai zane, Adélaïde Labille-Guiard.

Ta fara zana sarauniya a 1778, ta yi mata hotuna kusan 30. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na 1783: sarauniya sanye da farar riga mai shara-shara da hular kaba. Jama'a suka ce an fito da matar sarki cikin rigar ciki, dole aka sauke hoton daga wurin baje kolin zane-zane, ta zana wani da rigar siliki. A 1787 ma an yi ta surutu don ta zana kanta rungume da 'yarta Julie tana murmushi, haƙoranta a bayyane. A nan gwanintarta take, domin fuskar da ta zana sai ka ce za ta yi magana.

Kusancin da ya ɗaukaka ta shi ya raba ta da gida. Da juyin juya hali ya ɓarke, ta tsere da 'yarta zuwa Italiya a Oktoban 1789. Ta yi aiki a Roma, Naples da Vienna, sannan ta zauna a Rasha daga 1795 zuwa 1801, sarakuna da attajirai na neman aikinta. Ta koma Paris a 1802.

Bisa lissafinta, ta zana hotunan mutane kimanin 660 da na shimfiɗar ƙasa kimanin 200. Ta wallafa tarihin rayuwarta tsakanin 1835 da 1837, ta rasu a Paris ranar 30 ga Maris, 1842, aka binne ta a garin Louveciennes, kusa da Paris.