Kafin ku kwana da yara a garin da ke kan tsauni

Iyaye masu shirin doguwar tafiya a mota da yara, ina so mu yi magana a kan zangon da ake yawan rainawa, wato kwanan da za ku yi a garin da ke can saman tsauni. Ana duba taya da birki, a cika tanki, a shirya guzuri, amma da wuya ka ga wanda ya binciki tsayin garin da zai kwana. A aikina na lafiya, ita ce tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya ce mini zai bi hanyar duwatsu da 'ya'yansa.

Mota tana hawa da sauri, jiki kuwa sannu a hankali yake sabawa. Da safe kuna ƙasa, kafin yamma kun kai mita 2,500 sama da teku. A wannan tsayin, duk numfashin da mutum ya ja yana samun kusan kashi uku cikin huɗu ne na iskar oksijin da zai samu a bakin teku, kuma daga nan ne ciwon tsauni ya fi fara kama baƙi. Ba sai an hau ƙololuwar dutse ba. Adis Ababa ta Habasha tana sama da mita 2,300, Bogota ta Kolombiya wajen 2,600, Kito ta Ekwado 2,850, La Paz ta Bolibiya kuma wajen 3,600. Mazauna can jikinsu ya saba, wanda ya iso yau ne yake ji a jika.

Babba zai ce kansa na sarawa, zuciyarsa na tashi, barci ya ƙi zuwa. Ɗan shekara biyu ko uku fa, da wane baki zai faɗa? Na taɓa duba wata yarinya 'yar shekara uku da iyayenta suka yada zango da ita a wani gari a kan tsauni. Uwar ta ce da suka sauka daga mota lafiyarta ƙalau, har tsalle take a kan gado. Da dare ya yi sai ta ƙi abinci, ta yi amai sau ɗaya, ta maƙale a jikin uwar tana kuka ƙasa-ƙasa, ko abin wasanta ba ta kallo. Uban ya ɗauka rigima ce da gajiyar hanya, har ya yi mata faɗa. Ban ga laifinsa ba, domin haka ciwon yake ɓoyewa a jikin yara, kuma alamunsa ba sa fitowa nan take, sukan jira awa 6 zuwa 12 bayan isowa. Da muka ce su koma garin da suka baro a gindin dutsen, washegari ta tashi tana neman abinci.

Idan kun ga irin wannan, kada ku ƙara hawa ko kaɗan. A bar yaron ya huta, a riƙa ba shi ruwa akai-akai, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa. Ina roƙonku kada ku ba shi maganin sa barci don ya yi shiru, domin yana rage ƙarfin numfashi a daidai lokacin da yaron ya fi buƙatarsa. Idan an kwana bai ji sauƙi ba, a sauka. Saukar mita 300 zuwa 1,000 sau da yawa ta isa. Amma idan yana haki alhali a zaune yake, ko leɓɓansa sun yi shuɗi, ko yana tangaɗi, ko ya rikice, ko tashinsa daga barci ya yi wuya, wannan ba a jira gari ya waye. A nemi asibiti a daren, a kuma sauko da shi.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne yaro mai sikila. Abubuwa uku da ke tayar masa da ciwo, ƙarancin oksijin da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki, duk sun haɗu a kan tsauni, kuma ciwon kan iya tashi tun ba a kai mita 2,500 ba. Kada a tafi da shi sai an ga likitansa. Ko mai AS, wanda bai taɓa kwanciya ba, saifarsa tana iya samun matsala a wuri mai tsayi sosai. Idan ya kama hagun cikinsa a ƙarƙashin haƙarƙari yana kukan ciwo, kada a ce ƙwarnafi ne. Haka ma jariri ɗan makonni, da yaro mai ciwon zuciya ko huhu, da wanda bai gama warkewa daga ciwon ƙirji ba, su ma a ga likita kafin a tafi da su.

Sai sanyi. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5, kuma da faɗuwar rana ake gane haka. A sa wa yara hula da safa da riguna biyu ko uku. Kada a kunna garwashi ko injin wuta a ɗaki a rufe, domin iskar gubar da ke fitowa ba ta da wari ba ta da launi, mutane a cikin barci take kashewa. Da rana kuma sanyin iska yana ruɗin mutum, alhali hasken rana ya fi ƙona fata a can sama.

A kan hanya, idan kunne ya toshe, a shayar da jariri, manyan kuma su haɗiyi yawu ko su kurɓi ruwa. Mai amai a hanya mai kwana-kwana a karɓe masa waya, ya kalli nesa ta gaban mota.

Ana iya binciko tsayin gari a waya, binciken minti ɗaya ne. Idan akwai zaɓi, ku kwana a garin da ya fi ƙasa, ku hau yawon kallo da rana ku dawo. Idan kuma hanyar ta haura mita 3,000, kada wurin kwananku na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500.