"Maganin nan bai karɓe ni ba"

Wata safiyar Talata, cikin sanyin nan na Jos mai ratsa ƙashi, wata baiwar Allah daga Anguwan Rogo ta zauna a gabana, ta zaro katin ƙwayoyi daga leda ta ajiye a tebur. Na ƙirga gurbin da aka ɓalle, guda goma. Sauran suna nan ba a taɓa ba.

"Malama, maganin nan bai karɓe ni ba," in ji ta. "Bakina a bushe kamar mai azumi, in na miƙe jiri, ga barci har hantsi. Baƙin cikin kuwa yana nan inda yake."

Na ce, "Hajiya, ai bai ma fara aikinsa ba tukuna."

Nan ne muka fi shan fama da magungunan ciwon damuwa, irin su amitriptyline, fluoxetine da sertraline, kamar yadda sunayen suke a jikin kwali. Mun saba da Panadol, a sha, a kishingiɗa, kai ya saki. Waɗannan kuwa sai sun yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, wani ma sai mako 6. Abin haushin shi ne illolin kan riga amfanin isowa. Amitriptyline, wanda Hajiya ke sha, yana busar da baki, yana sa barci da jiri da ƙullewar ciki. Sauran biyun sun fi kawo tashin zuciya, ciwon kai ko rashin barci. Yawanci waɗannan kan lafa cikin 'yan makonni. Akwai kuma raguwar sha'awa tsakanin ma'aurata, wadda kunya ke hana mutane faɗa, sai kawai su watsar da magani. A faɗa wa likita, yana iya rage shi ko ya canza wani.

Wanda ya daure ya wuce nan, sai ya tarar da wani tarkon a wata na uku. Ya koma kasuwa, yana cin abinci, yana raha, sai ya ce ya warke. Ka'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, don kada ciwon ya dawo. In lokacin dainawa ya yi, likita ne zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Wanda ya yanke shi dare ɗaya yakan gamu da jiri, munanan mafarkai, saurin fushi, wani ma ya ji kamar lantarki na fizgarsa a kai. Wannan ba kamu ba ne irin na kodin, jiki ne ya saba. Zuwa ruƙiyya ko addu'a a coci bai hana shan magani, haka ma azumi, tunda galibi sau ɗaya ake sha a rana. Mai ciki ko mai shayarwa ita ma kada ta daina da kanta, ta zo a duba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kyautar magani. Maƙwabciya ta ce ba ta barci, sai a ɓallo mata biyu, wai zumunci. Amitriptyline in ya yi yawa zuciya yake taɓawa, kuma ƙwayoyi kaɗan sun isa su halaka ƙaramin yaro. Bai dace da mai ciwon zuciya ba, kuma yana iya toshe wa dattijo fitsari. A kulle shi inda hannun yara bai kai. Idan wani ya sha fiye da kima, ko da yana magana garau, a bar zancen manja da madara, a ɗauki kwalin a nufi asibiti nan take. Kada a haɗa waɗannan magunguna da giya, balle tiramadol, wanda haɗuwarsa da su kan jawo zazzaɓi, rawar jiki, ruɗewa, har da jijjiga.

Iyaye, ku sa ido sosai a makonnin farko, musamman a kan wanda bai kai shekara 25 ba. In ya fara zancen ya gaji da duniya, ko ya kwana biyu ba barci yana ta surutu da ɓarnar kuɗi, kada a jira ranar da aka ba shi ya koma. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo.

Hajiya dai ta mayar da katinta cikin leda. Mun yi da ita za ta riƙa sha da an idar da isha'i, ta riƙa kurɓar ruwa, ta ɗan zauna a bakin gado kafin ta miƙe. Bayan mako biyu za ta dawo tare da babbar 'yarta, wadda maganin zai zauna a hannunta.