Rainon Sabbin 'Yan Kasuwancin Netwok a Tsakanin Kiristocin Ƙasar Zuru

Kasuwancin netwok hanya ce ta sayar da kaya wadda kamfani ba ya bi ta kanti, sai ta hannun mutanen da suka yi rajista da shi. Kowane ɗan rajista yana da ƙofar samu biyu: ribar kayan da ya sayar da kansa, da kamasho a kan cinikin waɗanda ya shigo da su. 'Yan harkar suna kiran wanda ya kawo ka "na sama", waɗanda ka kawo kuma "na ƙasa". Raino shi ne na sama ya riƙe hannun sabon shiga har ya iya ciniki shi kaɗai. A kudancin Jihar Kebbi, daga Zuru da Dabai zuwa Ribah, Mahuta da Dirin Daji, inda ikilisiyoyin UMCA, ECWA da Katolika suke da jama'a, Kiristocin da ke harkar sukan kwatanta wannan raino da almajirtarwa.

Asali

A Amurka aka fara tsarin. Kamfanin Nutrilite ya soma biyan kamasho hawa-hawa a 1945. A 1959 Jay Van Andel da Richard DeVos, dukkansu 'yan coci daga jihar Michigan, suka kafa Amway. Mary Kay Ash, wadda ta buɗe kamfanin kayan kwalliya a 1963, ta shahara da koya wa matan da ke sayar mata cewa Allah ne farko, iyali na biyu, sana'a ta uku. Ke nan tun tushe harkar tana ɗauke da harshen coci. Kamfanonin da suka yi suna a Najeriya sun haɗa da Forever Living, NeoLife, Longrich, Tiens da Oriflame; kayansu galibi ƙarin abinci ne (ƙwayoyi ko garin ƙara gina jiki), shayi, sabulu, man goge baki da man shafawa.

A 1979 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta yanke cewa Amway ba dala ba ce ta yaudara, wato tsarin da kuɗin sababbi ake biyan tsofaffi da shi, saboda ƙa'idoji uku: ɗan rajista ya sayar da kashi 70 cikin 100 na kayan da ya saro a wata, ya sayar wa mutum goma daban-daban kowane wata, kamfani kuma ya karɓi kayan da suka yi kwantai. Har yau waɗannan ukun su ne ma'auni mafi sauƙi da mai raino zai gwada kamfani da shi.

Abin da ake dogara da shi a Littafi Mai Tsarki

Ayar da aka fi ja ita ce 2 Timoti 2:2, inda Bulus ya ce wa Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane waɗanda su ma za su iya koya wa wasu. Hawa huɗu ne a aya ɗaya: Bulus, Timoti, amintattu, da wasu. Ana haɗa ta da shawarar Yetro ga Musa a Fitowa 18, ta naɗa shugabannin dubu, ɗari, hamsin da goma, da kuma Markus 6:7, inda Yesu ya aiki almajirai biyu-biyu. Sai dai kwatancin yana da iyaka. Bulus bai ci kamasho a kan Timoti ba. Na sama kuwa yana da riba a duk abin da yaronsa ya saro, ko ya sayar ko bai sayar ba. Shi ya sa fastocin da suka san harkar suka fi nanata Karin Magana 11:1 a kan ma'aunin zalunci, da Luka 14:28, wato mai son gini ya fara zama ya yi lissafi.

Yadda ake rainon

Abu na farko shi ne zaɓe, kuma a nan mafi yawa suke faɗuwa. Mai aikin gwamnati ko mai gona da ke wannan harka da yamma ba zai iya riƙe fiye da mutum uku zuwa biyar riƙon gaske ba. Wanda ya taɓa sayar da wani abu, ko da ƙuli-ƙuli ne ko katin waya, ya fi mai zaƙin baki da bai taɓa bin bashi ba. Ba a shigar da wanda zai ci bashi, ko ya sayar da akuya, ko ya taɓa kuɗin makarantar yara don rajista.

Kafin a karɓi ko sisi, sai a zauna da takarda da biro. Idan matar aure ce, da mijinta a wurin. An sha ganin gida ya yi tsami saboda kwalin kaya da ya shigo ba da sanin maigida ba. A rubuta kuɗin rajista, mafi ƙarancin kayan da kamfani ke tilasta saye kowane wata don kada makin da ake hawa matsayi da shi ya zube, da kuɗin mota. Ga misali na lissafi: an saro kayan N20,000, za a sayar N25,000. Kuɗin kabu-kabu da na turo kaya N1,500, kati da data N1,000, sai wata ta ɗauki na N2,000 bashi ba ta biya ba. Abin da ya rage N500 ne. Sabon shiga da ya ga wannan lissafi ya ce ya ji ya gani, shi ne ake iya ginawa a kansa.

Daga nan sai fita. Mako biyu na farko mai raino ne ke magana, yaro yana kallo. Mako biyu na gaba yaro ke magana, mai raino yana gefe, ba ya katse shi, sai a hanyar komawa gida a yi gyara. A wata na biyu ya fita shi kaɗai, ana haɗuwa sau ɗaya a mako, awa guda, da littafin ciniki a buɗe. Layi huɗu ake dubawa: wa ya saya, nawa ya biya, nawa ake bin sa, wa ya dawo ya sake saye. Na huɗun ya fi duka muhimmanci. Kayan da babu mai dawowa nemansu, kunya ce ta sayar da su karon farko. Ba a barin sabon shiga ya fara kawo nasa mutanen sai ya sami kwastomomi kamar goma da ba 'yan rajista ba ne, ya kuma yi wata biyu ko uku a jere yana fitar da riba bayan an cire ɗawainiya. Wannan jinkiri yana rage wa na sama kamasho a farko, amma reshen da aka kafa haka ba ya zubewa a wata na huɗu.

Addu'a tare, ziyarar mara lafiya da zuwa gaisuwar rasuwa suna cikin rainon, kamar yadda suke a kowace zumunta. Gwajin niyya shi ne ko ziyarar za ta ci gaba bayan mutum ya bar harkar.

Lokaci ma yana da tasiri. Ƙasar Zuru ƙasar noma ce. Kuɗi na hannun mutane ne daga kaka zuwa Kirsimeti, lokacin da dawa da masara da wake suka shigo. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa taki da ƙwadago sun cinye komai. Sarin kaya mai yawa a damina kwantai ne. Matsalar tsaro a yankin Danko-Wasagu da Sakaba ta sa da yawa sun koma nuna kaya ta WhatsApp da aika saƙo a motar kasuwa.

Inda abin ke lalacewa

Lissafin kansa yana da rufi. Idan kowa ya kawo biyar, hawa na farko 5 ne, na biyu 25, na uku 125, na biyar 3,125, na goma 9,765,625. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kebbi gaba ɗaya mutum miliyan 3.2 da ɗoriya. A irin wannan jeri kusan huɗu cikin biyar na jama'ar kullum suna hawan ƙarshe ne, ba su da kowa a ƙarƙashinsu. A gari mai coci uku, ana iya ƙure masu shiga cikin 'yan watanni. Saboda haka alkawarin mota ko tafiya ƙasar waje ga kowa ƙarya ne ko da mai faɗa ya yarda da shi.

Na biyu shi ne tara kaya don hawa matsayi. Na sama ya rage masa maki kaɗan, sai ya kira yaransa a ƙarshen wata: "'Yar'uwa, ki ƙara kwali biyu, Ubangiji zai buɗe hanya." Kayan su ƙare a ƙarƙashin gado har kwanan watansu ya wuce.

Na uku, cin amanar zumunta. Mamba tana jin nauyin ta ce a'a ga matar fasto ko shugabar Zumuntar Mata, don haka mai riƙe da muƙami a ikilisiya bai kamata ya yi rajistar waɗanda yake kiwo ba. Talla a lokacin ba da shaida, ko taɓa kuɗin adashen zumunta da na baiko don sari, yana jawo rigimar da dattawan ikilisiya ke daɗewa suna sasantawa. Masu tsawatawa a kan haka sukan tuna da Yahaya 2:16, game da mai da Haikali wurin ciniki.

Sai da'awar magani. Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin ƙarin abinci ba ta nufin yana warkar da ciwon sukari, hawan jini ko rashin haihuwa. Mai raino ya hana yaransa gaya wa mara lafiya ya ajiye maganin asibiti, domin nan rai ake magana.

Bambanci da tsarin damfara

Wasu na fakewa da sunan netwok alhali babu kaya ko kaɗan, kuɗin sababbi ake biyan tsofaffi da shi. Haka MMM ta kasance, wadda ta rufe asusun 'yan Najeriya a Disamba 2016, haka kuma CBEX da ta rushe a Afrilu 2025. Dokar zuba jari ta 2025 ta sanya ɗauri da tara mai nauyi a kan masu gudanar da irin wannan tsari. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shaidar rajistar suna ce kawai. Karɓar kuɗin jama'a da alkawarin riba yana buƙatar izinin SEC, hukumar kula da harkar zuba jari. Tambayar da ake koya wa sabon shiga ya yi wa kowane kamfani ita ce: da a ce an daina rajistar sababbi yau, cinikin kayan kaɗai zai biya kamashon wata mai zuwa?