Me ya sa masu shaguna a Gombe ke ɓata rai in an zo dasa musu bishiya a ƙofa?

Da damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Agusta, za ka fara ganin mota ɗauke da dashe cikin baƙaƙen ledoji ana bin bakin titi ana haƙa ramuka, kuma kusan duk inda ramin ya faɗo daidai ƙofar shago sai ka ji hayaniya. Ni a shagon Kawuna mai sayar da yadi na tashi, kuma ina cikin masu son bishiya, don haka kowane ɓangare ya taɓa ce min munafuki. Ga tambayoyin da aka fi jefo min da abin da nake cewa.

Wai wane shiri ne ma ake magana a kai?

A 2019 Gwamna Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da shirin Gombe Goes Green, wanda kowa ya fi sani da 3G, da burin dasa bishiya miliyan 1 duk shekara, miliyan 4 kenan a shekara 4. Dalilin kam ba ɓoyayye ba ne. Gombe na cikin jihohi 11 da ake aikin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shingen bishiyoyi, saboda kwararowar hamada, mu da maƙwabciyarmu Bauchi, sannan garin kansa a cikin kwari yake zaune kuma ƙasar rairayi ce, ruwa in ya gangaro ba ya tambaya, duk wanda ya san kwazazzabon wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) da na wajen jami'ar jiha kafin a gyara ya san yadda yake cin gidajen mutane. Daga baya ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 don jihohin arewa 19 da Abuja, shi ma da dashen itatuwa a ciki. Yawancin bishiyoyin nan a gandun daji da makarantu da bakin kwazazzabai suke tafiya, babu mai cewa uffan. Ɗan kason da ke zuwa bakin titin cikin gari, inda ake ciniki, shi ne mai surutun.

Don Allah wa zai ƙi inuwa a garin da zafi ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu?

Babu. Ka zaga Jekadafari ko Pantami ko hanyar Biu da azahar ka ga su waye a gindin kowane dogon yaro, mai faci ne, mai POS ne, mai yankan farce, 'yan acaba sun kwanta kan mashin, har faɗa ake yi a kan wurin. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin inuwa kuɗi ce.

Matsalar lissafi ne. Mafi yawan masu shagunan bakin titi haya suke, shekara-shekara suke biya, wani ma bai san ko mai gida zai ƙara masa kuɗi ya kore shi baɗi ba. Takurar yau yake ɗauka, inuwar kuma sai nan da shekara 5 ko fiye, wataƙila wani ne zai zauna a ciki, mai gidan kuma ya ƙara kuɗin haya don wurin ya yi kyau. Inuwar giginya kenan, na nesa ka sha.

To mene ne takamaimai suke kuka da shi?

Abin da mai tsara gari daga ofis ba ya ganewa shi ne, a wajenmu ƙofar shago ita ce shagon. Ciki ma'aji ne kawai. Kawu da safe yakan fito da atamfa da shadda ya rataye su a igiya daga ƙarshen rumfa zuwa ƙarshen rumfa, yadda matar da ke cikin keke napep za ta hango kala ta ce wa direba tsaya nan. Ranar da aka zo dashen layinsu, yara ne da diga da igiyar awo, an ce musu duk taku kaza rami ɗaya, sai ramin ya faɗo tsakiyar ƙofarsa cak, daidai inda mota ke ja da baya ta sauke dila. Ya fito ya ce, "Samari, wa ya aiko ku?" suka ce daga sama ne Alhaji. Ya ce ku matsa da shi nan gefe mana, suka ce ba su da wannan ikon, in sun matsa ba za a ƙirga musu ba. Na ce, "Kawu ku yi haƙuri, inuwa ce fa za ku samu." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, inuwar ce za ta biya min haya?"

Bayan wurin sauke kaya da fakin ɗin kwastoma akwai allon shago da mutum ya kashe kuɗi ya yi, rassa su rufe shi. Akwai ganye da ke cika lambatu ruwan sama ya dawo cikin shago, akwai kashin tsuntsu, wanda ga mai sayar da siminti ba komai ba ne amma ga mai farar shadda asara ce tsab. Masu kayan waya da kemis su kuma tsoronsu ɓarawo ya taka reshe ya hau kwano da dare.

Sai wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba: inuwa tana jawo mutane, kuma ba duka masu saye ba ne. Kana biyan haya da haraji, bishiya ta girma, wata safiya ka tarar wani ya kafa tebur a gindinta yana sayar da irin kayanka a araha, in ka yi magana ya ce ai bishiyar gwamnati ce ba ta babanka ba. Kuma gaskiyarsa.

An ce wai tsoron rusau ne ainihin maganar, haka ne?

Akwai wannan sosai, kuma a nan kam ba zan kare 'yan uwana ba. Shaguna da yawa sun ciyo gaba, an ƙara rumfa, an zuba dakali, wani ya rufe lambatu da kankare ya ajiye janareta a kai, wani kwantena ce ma gaba ɗaya a filin titi. A ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978 filayen jiha a hannun gwamna suke bisa amana, kuma gefen titi ba ya cikin takardar kowa. Saboda haka in aka jera ramuka, mai shago ba bishiya yake gani ba, layi yake gani, yana cewa yau sun nuna iyakarsu gobe za su zo da jan fenti. Wani in ka ji yana ta maganar saiwa za ta fasa masa gini, ka duba da kyau, ginin ne ya shigo wurin saiwar.

Cikin koke-koken nan wanne ne gaskiya wanne ne shaci-faɗi?

Ya danganta da irin bishiyar, kuma abin da ya fi ba ni haushi kenan, don sau da yawa abin da ke akwai a gandun reno shi ake lodowa ba abin da ya dace da wurin ba. Ceɗiya da durumi inuwarsu ba ta da na biyu amma saiwarsu na bin ruwa, za ta ɗaga dakali ta shiga lambatu, wurinsu fili ne ko ƙofar fada. Itacen turare tsayi yake yi fiye da kima kuma reshensa na karyewa da iskar farkon damina, sa shi ƙarƙashin wayar wuta neman magana ne. Mangwaro a bakin titi kuwa ka gayyato yaran unguwa da duwatsu, mai shagon gilashi ya shiga uku. Maɗaci yana yin kyau a titi mai faɗi, sai dai mutanenmu ba sa barin ɓawonsa, kowa da ciwon cikinsa, a yi ta sassaƙa har ya bushe a tsaye. Dogon yaro dai shi ne jakin aikin, asalinsa daga Indiya ne, a Borno aka fara dasa shi a ƙasar nan wajen 1928, yana jure fari, bai damu da ƙasa mara kyau ba, laifinsa zubar da 'ya'ya da ganye da jawo tsuntsaye.

Maganar rufe allo kuwa rabi gaskiya ce. A shekarun da bishiya take daidai tsayin mutum zuwa rufin shago tabbas tana tare gani, amma in ana sare ƙananan rassan ƙasa tun tana ƙarama sai ta miƙe, kan ya wuce saman allo, ka ga shago tas ta ƙarƙashi. Wa zai yi saran shi ne tambayar, don kuɗin dashe ake warewa a ga hoto, na kula ba a cika jin labarinsa ba.

Da gaske bishiya na ƙara ciniki ko daɗin baki ne?

Akwai wata mai bincike a Jami'ar Washington ta Amurka, Kathleen Wolf, da ta tambayi masu sayayya, suka nuna a shirye suke su biya ƙarin kashi 9 zuwa 12 cikin 100 a layin shagunan da ke da manyan bishiyoyi, kuma za su fi daɗewa a wurin. Masu son bishiya suna son kawo wannan. Ni dai nakan ce a yi hattara, abin da mutane suka faɗa da baki ne, kuma Amurka ce, a can ba wanda ke shanya atamfa a ƙofa. Abin da na gani da idona shi ne daga ƙarfe 12 zuwa la'asar a watan Afrilu, layin da ba inuwa kamar an yi shara, mai ƙafa na tsallakawa ɗaya hannun inda zai samu sanyi, matan da suka zo haɗa lefe kuma ba za su tsaya awa guda suna zaɓe rana na dukan kansu ba.

Me ya sa da yawa ke mutuwa, masu shagunan ne ke kashewa?

Wasu e. Kowa ya san labarin tafasasshen ruwa da baƙin mai da ake tsiyayawa da dare, da safe a ce ikon Allah. Amma yawanci ba sai an kashe ba, ƙyalewa kawai ta isa. Ruwa na ɗaukewa a Oktoba, sai kusan wata 6 ba ɗigo, ga akuyoyi na yawo, kejin da aka kewaye dashen da shi in na ƙarfe ne 'yan bola jari sun san da shi, in na itace ne ya tafi murhun mai ƙosai. Ruwa kuma a Gombe ba abin wasa ba ne, duk da madatsar Dadin Kowa unguwanni da yawa a hannun 'yan garuwa suke saye, wa zai sayi jarka ya zuba wa abin da aka dasa masa ba da shawararsa ba.

In an zo haƙa a ƙofar shagona me zan yi?

Kar ka yi da yaran diga, ba su da ta cewa, kuma kar ka tumɓuke, kana iya jawo wa kanka tara a banza. Ku haɗu 'yan layi ku bi ta shugaban ƙungiyarku ko mai unguwa ku nemi jami'in da ke kula da aikin, ku roƙi abu biyu, a matsar da rami zuwa iyakar shago da shago maimakon tsakiyar ƙofa, kuma a ba ku zaɓin iri. Mita 1 ko 2 ne kawai bambancin.

Dashen da aka yi a ƙofar Kawu bai kai Janairu ba ya bushe, bai taɓa shi ba, bai kuma kalle shi ba. Damina ta zagayo sai ga shi da kansa ya sayo ɗan dogon yaro ya sa aka haƙa a lungun da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa mai takalma, daidai inda suke ajiye buta, ya kewaye da tsofaffin bulo. Ba wanda ya taɓa sayen ruwa dominsa, ruwan alwalar mutum 6 sau uku a wuni shi ya raine shi. Yanzu ya wuce rufi, kuma rigimar da ake yi a layin ita ce mai takalma na cewa rabin inuwar tasa ce tunda da butarsa aka yi, Kawu na cewa ya kawo rasit.