Kare gida da dukiya da ƙarfi: iyakarsa a dokar ƙasa da Littafi Mai Tsarki

Kare kai shi ne damar da mutum yake da ita ya sa ƙarfi ya tare wanda ya afka wa ransa, iyalinsa ko dukiyarsa. A Zamfara da kudancin Kebbi maganar ta zama ta yau da kullum saboda ɓarayin daji, kuma a ƙasar Zuru inda Kiristoci ke da yawa har a majami'u ana tattauna ta. Dokar ƙasa da Littafi Mai Tsarki duk sun yarda da ita, amma kowanne ya ja mata layi.

A Tsohon Alkawari

Ayar da aka fi kafa hujja da ita ita ce Fitowa 22:2-3. Idan aka kama ɓarawo yana fasa gida da dare aka buge shi ya mutu, ba alhakin jini a kan mai gida, amma in rana ta riga ta fito toh akwai alhaki. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan ƙasa zai gane dalilin, ka farka cikin duhu ka ji ana ƙwaƙular katanga ta bayan ɗakin yara, ba ka san ko mutum ɗaya ne ko biyar ba, ba ka san ko akuya ya zo ɗauka ko wuƙa ce a hannunsa ba, maƙwabta kuma duk suna barci. Da rana kuwa kana ganin fuskarsa, kana iya yin kururuwa a taru a kama shi. Hukuncin sata a wannan sura biya ne ba kisa ba: shanu biyar a madadin sa ɗaya, tumaki huɗu a madadin tunkiya, in ya yanka ko ya sayar. Wato ran ɓarawon ma ya fi abin da ya sata nauyi, kuma wannan ne mutane suka fi mantawa idan rai ya ɓaci.

Nehemiya 4 ma ana kawo ta, inda masu ginin garun Urushalima ke aiki da makami a kusa.

A Sabon Alkawari

Nan malamai sun rabu. Wasu na riƙe da Luka 22:36 inda Yesu ya ce a sayi takobi, wasu kuma da Matiyu 26:52 inda ya ce a mai da takobi kube, da 5:39 kan juya ɗaya kumatun. Ramuwa dai Romawa 12:19 ta hana ta.

A dokar Najeriya

Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin rayuwa, sai dai ya keɓe mutuwar da ta faru wajen kare mutum ko dukiya da ƙarfin da ya zama dole. Bayanin yana cikin Final Kod (Penal Code), wato kundin dokar laifuffuka na Arewa, wanda aka yi a 1959 ya fara aiki a 1960, an kwaikwayo shi daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. A asalin kundin, sashe na 59 zuwa 67 ne ke maganar. Ba a yarda ka yi ɓarnar da ta wuce buƙata ba, kuma ba ka da wannan dama in akwai lokacin kiran hukuma, sharaɗin da yake da ciwo ga ƙauyen da ofishin 'yan sanda ke nesa da shi. Kan dukiya, kisa na halatta ne kawai a fashi, fasa gida da dare, cinna wa gida wuta, ko satar da ta zo da fargabar kisa ko mummunan rauni. Wanda ya wuce iyaka da kyakkyawar niyya har ya yi kisa, laifin kisa na kansa, sai dai ba na hukuncin kisa ba. Ɓarawon da aka riga aka kama aka ɗaure, dukansa har ya mutu ba kare kai ba ne ko kaɗan.

Zamfara da Kebbi sun kafa dokokin shari'ar Musulunci a wajajen 2000, waɗanda ke hawa kan Musulmi.

Riƙe bindiga

Sai da lasisi. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi izinin mallakar bindiga, hukumomin tsaro na tarayya ba su goyi baya ba. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, rundunar tsaron al'umma ta jihar.