Kunama ta harbi yaro, kada a jira gari ya waye

Da zarar zafi ya shigo, mutane sun koma kwana a tsakar gida, mu ma'aikatan lafiya a yankin Agadez mun san abin da ke tafe. Kunama na fitowa da dare, yara kuma suna kwance a ƙasa ko suna yawo ba takalmi. Abin da ke ci mini rai shi ne lokacin da ake kawo mana su. Ka tambayi uwa, "Hajiya, yaushe ta harbe shi?" Sai ta ce tun bayan isha'i. Ga shi hantsi ya dubi ludayi, yaro ya jiƙe sharkaf da gumi, yawu na dalala, ƙirji na kurari.

Haba iyaye! Me aka zauna yi duk daren nan? An ɗaure ƙafa da tsumma, an yi tsaga da reza, an shafa wannan an shafa wancan, aka ce "bari dai gari ya waye." Wannan maganar ta ci yara da yawa.

Na san dalilinku. Babba ya sha harbi, ya yi ta cije baki, da safe ya tafi kasuwa. To jikin yaro ƙarami ne, dafin kuwa daidai yake da wanda aka zuba wa babba. Kuma 'yar rawayar kunamar nan ta sahara, mai siririn ƙahon kamu, tana cikin mafiya mugun dafi a duniya.

Ga abin da dafin ke yi a taƙaice. A jikin kowace jijiya mai kai saƙo akwai ƙananan ƙofofi da sinadarin fotasiyam ke fita ta ciki, fitarsa ce ke tsayar da saƙo idan jijiya ta gama isar da shi. Dafin yana toshe waɗannan ƙofofi, yana kuma hana rufuwar ƙofofin sinadarin sodiyam, wanda shigarsa ce ke tayar da saƙon. Sai jijiya ta yi ta zuba saƙo kamar famfon da aka kasa kashewa. Shi ya sa gumi, amai da bugun zuciya, daga baya ruwa ya taru a huhu. Tsaga ba ta kai nan. Ɗauri ma haka, sai dai ya hana jini zagayawa a ƙafar.

A duniya ana ƙiyasta harbin kunama sama da miliyan 1 a shekara, da mace-mace fiye da 3,000, akasarinsu yara. Da yawa da an kawo su da wuri da sun tashi, domin muna da allurar kashe zafi, da magungunan tallafa wa zuciya da numfashi, wasu wuraren har da maganin dafin.

Ina tausayinku, wallahi. Dare ne, mota ta yi wuya, kuɗi ba su a hannu. Amma a tashi maƙwabci mai babur, a taho. Za mu fi son ku tashe mu ƙarfe 2 na dare a kan yaron da ke kuka da ƙarfinsa.

A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a yi wa yaro ɗura. A kama hanya nan take, ko bai fara gumi ba. A gida kuma a kakkaɓe takalmi da shimfiɗa kafin amfani, a ɗaga yara kan gado cikin gidan sauro, a kwashe tarin duwatsu da itace daga inda suke kwana.