Jan wuta daga laftof yayin jona monita

Jan wuta daga laftof yayin jona monita shi ne tsikarin lantarki da mutum kan ji idan yana haɗa kwamfutar tafi-da-gidanka da wani allo na daban ta wayar HDMI ko VGA. Yawanci yakan faru ne daidai lokacin da hannu ɗaya ke riƙe da ƙarfen bakin wayar, ɗayan kuma na dafe da jikin kwamfutar. Wani kan ji kamar an taɓa shi da tsinin allura. Wani kuwa sai ya shafa bayan yatsa a kan murfin ya ji ƙarfen na ɗan karkarwa, kamar ya yi kaushi. A ɗaki mai duhu har ɗan tartsatsi ake gani a bakin ramin da ake cusa wayar.

Asali

Galibi tushen abin yana cikin caja, ba cikin kwamfutar ba. Na'urorin da can da tiransifoma mai nauyi suke rage ƙarfin wuta. Wajen shekarun 1970 aka fara komawa ga wata dabara da ke yanka wutar tana maidowa sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, abin da ya sa tiransifomar ta ƙanƙance har ta shige tafin hannu. Kwamfutar Apple II ta 1977, wadda Rod Holt ya tsara mata sashen wuta, tana cikin na farko-farkon kwamfutocin gida da suka bi wannan hanya. Sai dai yankan nan mai sauri yana haifar da hayaniyar lantarki da ke damun rediyo da talabijin. Don kashe ta ne masu ƙira suka riƙa sa wani ɗan kafasito (ƙaramin sashe mai riƙe cajin lantarki), da ake kira na ajin Y, tsakanin ɓangaren da ke karɓar wutar gida da ɓangaren da ke ba kwamfuta. Hayaniya ta lafa, amma ta wannan ƙofa wuta kaɗan take zurarewa zuwa jikin na'urar.

Muddin jikin laftof na roba ne, ba kowa ke lura ba. Da aka shiga yayin jikin ƙarfe, irin laftof ɗin Apple PowerBook G4 na alminiyum da ya fito a 2003, ƙorafi ya yawaita.

Yadda yake faruwa

Idan filogin caja mai baki biyu ne, wutar da ta zurare ba ta da hanyar shiga ƙasa, sai ta tsaya a jikin laftof. A inda wutar gida take volt 230, na'urar awon wuta kan nuna kusan rabin haka, wato wajen 115, tsakanin jikin kwamfutar da ƙasa. Adadin na da ban tsoro a ido, amma ba shi da ƙarfin turawa, da an taɓa yake faɗuwa. Monita kuwa galibi filoginta mai baki uku ne, kuma ƙarfen bakin wayarta a haɗe yake da wayar ƙasa, wato wayar baki na uku mai kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Wanda ya riƙe su biyun kafin su haɗu, jikinsa ne ya zama gada. Da zarar wayar ta shiga raminta, tsikarin kan ɗauke, domin wutar ta samu hanyar da ta fi mata sauƙi.

Akan samu akasin haka: monitar ce ke yoyo saboda soket ɗin da aka jona ta ba shi da wayar ƙasa. A Najeriya soket mai rami uku irin na Ingila ne ya fi yawa, amma sau tari ramin na uku ado ne kawai, musamman a ƙananan ekistenshan masu araha da waya biyu ce kaɗai a cikinsu.

Haɗari

Ƙa'idar duniya ta lafiyar na'urorin lantarki mai suna IEC 60950-1 ta taƙaita yoyon na'urar da ba ta da wayar ƙasa ga miliamfiya 0.25 (miliamfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne), kuma IEC 62368-1 ce ta gaje ta daga baya. Yawancin mutane sai wajen miliamfiya 0.5 zuwa 1 suke fara jin wuta, ko da yake fata mai laushi irin ta cikin dantse, ko hannu mai gumi, ko ƙafa ba takalmi a kan siminti, kan sa a ji da wuri. Na'urar kariya ta gida kuwa galibi a miliamfiya 30 take yanke wuta. Jan da ya fizge hannu, ko ya zo da ƙauri ko zafin caja, ba wannan ba ne. Alama ce ta lalatacciyar caja ko jabu, ko wayoyin gida da aka haɗa ba daidai ba.

Ko tartsatsin na ƙona ramin HDMI, masu gyara sun sha bamban a kai.

Magani

Caja mai filogi baki uku, soket mai wayar ƙasa ta gaske, da jona na'urorin biyu a wuri ɗaya. Wasu kan zare caja, su sa wayar monita tukuna, sannan su mayar da ita.